Ranar da Taɓarya Ta Rasa Inuwa

Kwanan baya wata jikata ta shigo min da farce cikin 'yar leda mai sheƙi, wai a wani kanti ta gani a ƙarƙashin dogayen benayen nan da suka haɗiye mana unguwar Misfala a nan Makka. Ta ajiye a gabana tana yatsine fuska, ta ce da ni da Larabci, don Hausarta ba ta wuce gaisuwa da "na ƙoshi" ba: "Sitti, wai wannan farcen wace dabba ce?" Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ba ita nake yi wa ba, kaina nake yi wa, don ni ma na kai shekara goma sha takwas a duniya, da aurena da komai, ina rantsuwa farcen 'yan ruwa ne, wai suna yankewa su zubar a gaɓa masunta su tsince. Haka uwata ta gaya min a Jarwal, unguwar da aka haife ni, haka ita ma aka gaya mata. Na shinshina na ledar nan, an wanke shi da magani har ya zama ba ƙarni ba ƙamshi. Na ce ta mayar musu da kayansu.

Wanda bai taɓa haɗa turaren wuta ba ba zai gane abin da ya sa tsohuwa za ta ɓata rai a kan wani ɗan abu baƙi mai kama da ƙumbar babban yatsa ba. Shi farce ba shi da ƙamshin kansa, in ma ka ƙona shi shi kaɗai sai ka bar ɗakin. Aikinsa riƙo ne. Ka haɗa sandal da kajiji da miski iya son ranka, in babu farce ƙamshin zai tashi ya bi iska kafin baƙuwa ta gama gaisuwa. In akwai shi kuwa, zanen da aka turara yau, a buɗe akwati bayan wata uku a same shi yana nan daram. Wannan shi ne sana'ar surukata, Inna, uwar mijina, kuma duk Misfala ba a haɗa ta da kowa. Matan manyan gidaje na kusa da Harami suna aiko bayinsu da barorinsu har cikin lungunmu na bukkokin gwangwani su ce a ba su haɗin Hajja Takaruniyya, haka suke kiran ta.

Gidan da aka kai ni ɗaki uku ne na garewani da aka fasa aka shimfiɗa, da ɗan tsakar gida, da turmi a tsakiya. Da asuba kafin ka ji komai sai ka ji ƙarar garwar mijina, don shi sagga ne, mai kai ruwa gidaje, garwa biyu a sanda a kafaɗa tun daga rijiya har saman benaye. Bayansa sai jakan masu gawayi, sai mai tallan ful, wato dafaffen wake, sai kuma dakan Inna, wanda ba ya kama da na kowa: uku a hankali, ɗaya da ƙarfi. Yanzu in na farka ba abin da nake ji sai gurnanin na'urar sanyaya ɗaki da motocin da ke kwasar alhazai. Ba na ce da can ya fi daɗi ba, kada a yi min ƙarya, mun sha zafi mun sha ƙwari. Amma a lokacin ko ido rufe ka san wa ya tashi, wa ya makara, wa ke fushi da mijinta, duk daga sautin turmi.

Inna doguwa ce, siririya, ba ta da yawan dariya, kuma ba ta taɓa kiran sunana ba sai "'yar Jarwal". In na yi magana na cusa Larabci sai ta ce, "Fassara min, ni ba a nan aka yanke min cibi ba." Mijina kuwa ɗan farinta ne, don haka ko sunansa ba ta kamawa, sai dai "kai wannan", ko ta juyo gare ni ta ce in gaya wa maigidana kaza, alhali yana zaune kusa da ita. Ni kuma, in faɗi gaskiya tunda na tsufa ba mai dukana, tun ranar da na shiga gidan idona ke kan tukwanenta. Ina da hanci, na san ina da shi. Amma shekara biyu ba ta bar ni na wuce wanke kwalabe da hura gawayi ba. In za ta auna haɗi sai ta juya min baya, ni kuwa in cika in batse ina fifita wuta.

Sai aka shiga shekarun da Turawa ke yaƙinsu, jiragen ruwa suka ɗauke ƙafa. Alhazai suka ragu har kana iya ƙirga tantunan Arfa, shinkafa ta yi wuya, sukari ya zama abin ɓoyewa. Farce daga hayin Sudan ake kawo shi, shi ma ya ɓace daga kasuwa ɗungurungum. Inna ta yi ta tsimin ɗan abin da ya rage mata a ƙulli har ya ƙare. A daidai wannan lokaci ne kuma ta fara wasu 'yan abubuwa. Ta kira ni da sunan wata ƙanwarta da ta rasu tun a Kano. Ta nemi carbinta rabin yini yana wuyanta. Ranar nan kuma ta ɗora sandal a wuta, na ƙarshe mai kyau da muke da shi, ta shiga ɗaki ta manta, ya ƙone ƙurmus. Ta kwashe tokar ta binne a bayan ɗaki don kada kowa ya sani. Ni na gani. Da maigidan ya dawo na zuba masa ruwan wanka, na tsaya a bakin ƙofa na rattaba masa komai, har da ƙari, ina yi kamar tausayi ne ya sa ni.

Washegari bayan la'asar ya zauna gabanta, ya sunkuyar da kai, ya yi ta kewaye-kewaye. Ya ce ta yi wahala a duniya, lokacin hutu ya yi, ga yarinya a gida, ga Harami kusa, ta riƙa zuwa ɗawafi abinta. Inna ta bar shi ya gama. Sannan ta ce da ni, "Gaya wa maigidanki ba hutu nake nema ba, farce nake nema. Kuma na san inda yake." Ta ce ranar da ta fara taka ƙasar nan, ita da marigayi mijinta, ba ta Jidda suka shigo ba. Wani ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska ne ya tsallako da su daga Sudan ya zubar da su a wani lungun teku kudu da Jidda, inda ruwa ya kutso cikin ƙasa ya kwanta. Sun makara, Arfa ta wuce su da kwana ashirin. Suka sauka cikin ruwa iya gwiwa, ta duba ƙasa, sai ta ga ƙasan ruwan na tafiya. Dodon-koɗi ne, manya kamar dunƙulen hannu, ba iyaka, har ba inda za ka sa ƙafa. Ta ɗauki ɗaya, ya ja jikinsa ciki ya rufe bakin gidansa da wani ɗan murfi baƙi. Ta ce, "Wannan murfin shi ne farce. Ƙofar gidan dodon-koɗi ce. A watan Cika-ciki na gan su, da idon nan nawa."

Wallahi dariya ta kusa ƙwace min. Ƙofar dodon-koɗi! Kafin magariba na kai wa maƙwabta, kafin Juma'a duk lungu ya ɗauka, mata na cewa Allah sarki Hajja, tsufa ya zo. Babu mai gaskata ta, babu kuma shaida, don mijinta ya rasu, ɗanta kuwa a lokacin yana can Sudan yana tsinkar auduga, sai bayan shekara biyu ya biyo ta tashar Jidda. Maigidan ya shiga damuwa sosai, don mutum ne mai son uwarsa. Ita kuwa ta kafe. Ta ce a kai ta, in ba a sami abin da ta faɗa ba, za ta sauke tukwanenta da hannunta ta zauna a ɗaki kamar yadda ake so. Ya ga ba makawa, ya ce to. Ni aka ce in bi su in kula da ita, na kuwa yi shiri da rawar jiki, don a raina na riga na gama jera tukwanen a ɗakina.

A Makka ba mu san wani lissafi ba sai na wata. Ba mu da damina, ba mu da kaka, ba mai shuka ba mai girbi. Aure, bayan Hajji. Gyaran ɗaki, kafin Hajji. Yaro, an haife shi Rajab biyu da suka wuce. Don haka da alhazai 'yan kaɗan na shekarar suka watse, watan Cika-ciki ya tsaya, muka bi ayarin masu raƙuman da ke kawo busasshen kifi da gishiri suna komawa gaɓa. Kwana biyu da yini muna tafe, ana sanyi mai shiga ƙashi, Inna na ƙudundune cikin bargo a kan raƙumi tana nuna duwatsu tana cewa ta gane wannan, ta gane wancan. Maigidan sai ya dube ni, ni ma in dube shi.

Ban taɓa ganin teku ba sai ranar. An haife ni tafiyar kwana biyu daga gare shi, amma ko a mafarki ban san haka ruwa ke yawa ba. Mutanen wurin suna ce wa irin wannan lungu sharm: bakinsa ƙunci ne, cikinsa faɗi, ruwan a kwance, ga wasu itatuwa kore shar tsaye a cikin ruwan gishiri raƙuma na miƙa wuya suna ci. Abin da ya fara ɗauke min hankali tsuntsaye ne. Wasu dogaye ne masu ƙafa kamar kara, jikinsu fari da ja-ja, sun tsaya cikin ruwa sun sunkuyar da kai suna tace laka, in ɗaya ya taka duk su taka. Ga kwasakwasa suna shawagi a ruwa da jakarsu a maƙogwaro. Ga wani kamar shaho ya yi sheƙa da ƙirare a kan dutse, ya faɗo ruwa tsulum ya tashi da kifi a ƙafa. Can bakin sharm ɗin wasu manyan halittu baƙaƙe suna fitowa suna nutsewa bi da bi suna huci, na ƙwalla ihu na ce ga 'yan ruwan nan, mai raƙumi ya yi dariya ya ce abu salama ne, abokan masunta, ba sa taɓa kowa.

Inna ba ta dubi ko ɗaya ba. Ta sauka, ta tattare zane, ta nufi ruwa. Ta tsaya a gaɓa tana waige-waige, ta ce ruwan ba nan ya tsaya ba, da can sai ka yi tafiya mai nisa a kan farin yashi kafin ka same shi. Maigidan ya runtse ido. Ta shiga duk da haka, ruwan sanyi ƙarara, har ya kai mata cinya, har ƙugu, tana lalube da ƙafa. Muka bi ta. Babu komai sai yashi da ciyawar ruwa da 'yan ƙaguwa masu gudu. Ta yi gabas, ta yi yamma, haƙoranta na kaɗawa, tun hantsi har rana ta take. Ko ɗaya. Daga ƙarshe ɗanta ya kama hannunta, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya ce, "Inna, ya isa haka. Mu fita." Ta biyo shi ba musu. Ta zauna a kan yashi, na lulluɓa mata bargo, na ga leɓenta na motsi tana ƙirga wani abu da yatsu. Abin da na zo nema ke nan, na kuwa samu, amma ko kusa ban ji daɗin da na zata ba. Tsohuwar ta koma 'yar mitsitsiya a cikin bargon nan.

Akwai bukkokin masunta biyar ko shida a gefe. Wata mata daga cikinsu, baƙa, gajera, fuskarta duk gishiri ya dafe, ta kawo mana shayi da gasasshen kifi. Ummu Salim ake ce mata. Ta tambayi me ya shigar da tsohuwa ruwa a wannan sanyi. Ni ce mai Larabcin kirki, ni na bayyana mata, ina yi ina ɗan murmushi don ta gane mun san maganar ba ta da kai. Matar ta dube ni sheƙeƙe. Ta ce, "Surumbak kuke nema? Yanzu?" Haka suke kiran dodon-koɗin. Ta kama hannuna ta zagaya da ni bayan bukkarta. Tsibi ne ya fi ni tsawo, na ɓawon dodon-koɗi zalla, rana ta farar da su. Ta shiga ciki ta fito da wani ɗan ƙoƙo, ta zuba min a tafin hannu. Farce ne, guda bakwai, irin wanda na shekara biyu ina kallo a hannun Inna. Ta ce naman suke busarwa su ci, murfin su sayar wa fatake, na bana duk an kwashe sai waɗannan. Na dawo na buɗe hannuna a gaban Inna.

Ummu Salim ta tsugunna ta ce in tambayi Hajja, ranar da ta sauka a nan, sanyi ake ko zafi. Na fassara. Inna ta ce, "Zafi! Yashi sai da ya sale min tafin ƙafa. Na nemi inuwar da zan fake, tawa ma ban gan ta ba, ta shige ƙarƙashina." Tana rufe baki sai ta zaro ido. Matar ta ci gaba da magana ina juyawa da Hausa: teku bai san Muharram ba, bai san Rajab ba. Yanzu lokacin tsuntsayen nan ne masu ja, sun zo daga arewa, in zafi ya fara za su tafi. Bayansu wani ƙaton kifi mai ɗigo-ɗigo yakan zo bakin sharm, ya fi jirginsu tsawo amma ba ya cin mutum. Sannan ruwa ya ja baya ya bar farin yashi, kunkuran teku su fito su haƙa rami su zuba ƙwai, surumbak kuma ya hauro daga zurfi ya taru a ruwa marar zurfi don ya yi nasa ƙwan. Ta ce, "In inuwarki ta shige ƙarƙashin ƙafarki da azahar, ki zo."

Inna ta dafe kai da hannu biyu. Ta ce, "Wayyo ni! Ni 'yar manomi! Ubana bai taɓa duba wata ya yi shuka ba. Wane mahaukaci ne zai ce tunda bara an yi ruwan fari a Rajab, shekara goma sha biyar nan gaba ma a Rajab za a yi? Zaman garin nan ya cinye min kai, na mai da komai Hajji." Ta yi dariya, ta farko da na taɓa ji daga bakinta, har da hawaye. Amma maigidan bai yi ba. A hanyar komawa na ji yana ce mata a hankali, ai ga shi ta faɗa da bakinta lissafi ya kuɓuce mata, kuma matar nan ta yiwu ta faɗi haka ne don ta faranta ran baƙuwa, tsibin ɓawo ba ya nuna ƙasan ruwa na tafiya. Alkawari dai an yi, ba a samu ba. Inna ta ce da ni, "Gaya masa lissafi na ɓata, ba ido ba. Kuma shi da yake da ƙuruciya bai tuna ba, ke mai Larabci ba ki tuna ba, duk lungu ba wanda ya tuna. Ya ba ni zuwa zafi. Ni zan faɗi ranar tafiya, ba mai taya ni. In na sake kuskure, ya haɗa da turmin ya kyautar."

Muna dawowa ta sa aka kafa tsohuwar taɓaryarta a tsakar gida, ta daddale gindinta da duwatsu, ta rataya zare da ɗan dutse a jikinta ta tabbatar ta miƙe sak. Kullum aka kira azahar sai ta fito ta ja layi da gawayi inda inuwar ta tsaya. Tukwane kuwa ta kife su, ta ce ba ta haɗi ba farce, ba kuma mai taɓa mata su. Wata biyar muka yi haka. Maƙwabta suka sami abin yi, yara na leƙe ta katanga, mata na tambayata ko Hajja ta fara bautar taɓarya ne. Da can ni ce kan gaba a irin wannan, yanzu kuwa sai na ji maganar na ƙona min rai, har na daina gaisawa da wata a kan haka. Guda bakwai ɗin nan ta koya min aikinsu, ba don ta sauko ba, don hannunta na rawa ne: a jiƙa kwana uku, a kankare naman da ya manne da bakin wuƙa, a wanke da lemon tsami, a soya cikin yashi mai zafi har ya kumbura ya yi ƙaras, sannan a daka. Ina yi tana tsaye a kaina tana cewa 'yar Jarwal hannunki ya cika gaggawa. Sau da yawa na buɗe baki zan gaya mata ni na kai ƙararta, sai in haɗiye.

Inuwar ta yi ta guntulewa. Daga kamu uku ta koma ɗaya, ta koma taƙi, ta koma yatsa biyu. Garin ya ɗauki zafin da gwangwanin ɗaki ba ya taɓuwa. Ranar nan ladan ya kira azahar, muka fito mu biyu, taɓarya na tsaye tsirara, ba ta da inuwa ko ta gefe ɗaya. Na duba ƙafata, ni ma ba ni da ita. Inna ta ce, "Gaya wa maigidanki ya ajiye garwa." Ya ce a wannan zafi tafiya za ta iya kashe ta, lokacin ne kuma aka fi neman ruwa a gari. Ta ɗauki mayafinta ta nufi ƙofa ita kaɗai. Dole ya bi.

Wannan karon mun wahala ƙwarai, sau biyu tana suma a kan raƙumi ina yayyafa mata ruwa. Da hantsi muka isa. Na tsaya na kasa gane wurin. Tsuntsaye masu ja babu ko ɗaya, sheƙar shahon nan ba kowa, sai wasu ƙananan farare masu ƙara suna ta shawagi. Ruwan ya ja baya can nesa, ya bar farin yashi shimfiɗe, daidai yadda ta faɗa. A kan yashin ga wasu sawu masu faɗi sun fito daga ruwa sun koma, Ummu Salim ta ce na kunkuru ne, ta hana mu taka inda ya binne ƙwansa. Matan bukkokin duk suna cikin ruwa da kwanduna, sun sunkuya. Muka kama Inna ni da ɗanta, ɗaya dama ɗaya hagu, muka taka yashin nan mai ƙuna har muka shiga ruwa, ɗumi kamar na wankan jego. Ya kai mana idon sawu, ya kai ƙwauri, ya kai gwiwa. Sai na ji wani abu ya motsa a ƙarƙashin ƙafata.

Na duba. La ilaha illallahu! Ƙasan ruwan tafiya yake. Ga su nan bila adadin, wani kan wani, kowanne ya kafa ɗan murfinsa a yashi yana tunkuɗa gidansa gaba, ya yi tsalle ya tsaya, ya yi tsalle ya tsaya. Duk inda ido ya kai haka ne. Maigidan ya saki hannun uwarsa ya tsaya baki buɗe. Inna ba ta ko sunkuya ba. Ta miƙe sosai, ta fi mu tsawo mu duka, ta ce, "Kai wannan, me ka gani?" Ya ce, "Na gani, Inna." Ta ce, "Ban ji ba, kunnena ya tsufa." Ya ɗaga murya har matan can suka waigo, ya ce, "Na gani! Yadda kika faɗa haka yake. Ki yafe min." Ya durƙusa a cikin ruwan har ya kai masa ƙirji, ƙato da shi, yana kuka. Ta ce ya tashi kada ya murƙushe mata kaya.

Sannan ta juyo gare ni. Ta ce, "Ke kuma 'yar Jarwal, na san ke kika kai maganar sandal." Na fara rantse-rantse, ta ɗaga min hannu. "Ba ƙarya kika yi ba, na ƙona shi. Hannuna ya fara rawa, hancina ma ya fara yi min ƙarya, na fi kowa sani. Tun bara na so in ba ki, don na ga kina da hanci, jira nake ki buɗe baki ki roƙa kamar 'yar mutane. Sai kika bi ta bayan gida. To, ni ba za a karɓe min sana'a da sunan na rikice ba. Yau ga shaida, da hankalina nake, kowa ya gani. Tukwanen naki ne, ni na ba ki."

Na rasa inda zan sa fuskata, ga kunya ga murna, na ce, "Inna, ki yafe ni." Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta kwance 'yar wuƙarta daga bakin zane, ta miƙo min ta wajen ƙota, ta ce in sunkuya in zaɓi manya, in bar masu ƙwai, rana na yi.